Bindigar Wucin Gadi da Ta Shekara Arba'in a Daji

Wajen shekarar 1950, a dajin Gabashin Afirka, wani saurayi mai suna Harry Selby ya yi asarar da ta isa ta sa mafarauci ya zauna ya rafka tagumi. An ajiye bindigarsa a cikin ciyawa, hankalin kowa ya tafi kan wani aiki, sai ga motar ayarin ta taho ta bi ta kanta. Ko da aka ɗago ta, ta riga ta tashi daga aiki.

Bindiga ce mai baki biyu, ƙirar kamfanin Rigby na Landan, mai cin harsashin da ake kira .470. A zamanin nan ita ce makamin duk wanda sana'arsa ta haɗa shi da giwa da ɓauna da karkanda. Tana da bututu biyu da kunama biyu, harbi na biyu na bin na farko kafin ƙiftawar ido, kuma in ɗaya ya ƙi tashi ɗayan yana nan. Amma irinta ba ta jure rauni. Maƙera kan ɓata kwanaki suna haɗa bututun nan biyu, su harba, su narke mahaɗin, su gyara zaman bakin, su sake harbawa, har sai harsashin dama da na hagu sun riƙa sauka wuri guda. In mota ta taka wannan aiki, babu maƙerin da zai dawo da shi yadda yake. Sabuwa kuwa sai an aika Ingila, a jira watanni, a kuma biya kuɗin da saurayi mai fara sana'a ba shi da su.

An haifi Selby a 1925 a Afirka ta Kudu, iyayensa suka ƙaura da shi Kenya yana ƙaramin yaro, ya tashi a gona kusa da Nanyuki, a gindin Dutsen Kenya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga hannun Philip Percival, dattijon mafarautan ƙasar, wanda ya taɓa jagorantar marubuci Ernest Hemingway a daji. Da gyaran mota ya fara, Percival ya lura yaron ya san daji kuma hannunsa ba ya rawa, sai ya jawo shi cikin aikin sosai. A 1949 ya koma kamfanin Ker & Downey na Nairobi. Aikin irinsu shi ne su kai baƙo mai kuɗi daji, su nemo masa dabba, su tsaya a gefensa. Baƙo ne ke harbi. Jagora ba ya ɗaga tasa bindigar sai abu ya ɓaci, wato baƙo ya raunata ɓauna ta shige duhuwa, ko zaki ya taso musu daga 'yan taku kaɗan. Harsasan da yake harbawa a shekara ba su da yawa, amma kusan kowane ɗaya akwai ran mutum a rataye da shi.

To ga ayari na gaba ya kusa tashi, ga Selby babu makami. Ya shiga Nairobi yana neman abin da zai riƙe kafin ya samu wata mai baki biyu. A shagon May & Co. ya tarar da wata Rigby mai bututu ɗaya, mai sakata, wadda ke cin harsashin .416. Ba don shi aka ƙera ta ba, ba a auna tsawon hannunsa ko faɗin kafaɗarsa ba kamar yadda ake yi wa mai oda. Ya saya da niyyar da zarar hali ya samu zai rabu da ita. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Harsashin .416 kansa tsohon hannu ne tun a lokacin. Kamfanin John Rigby ya tsara shi a 1911, ya shiga kasuwa a 1912. Kansa na da nauyin kusan giram 26 da rabi, yana barin bakin bindiga da gudun da ya haura mita 700 a daƙiƙa. Abin da ke fara jan ido shi ne girman kwansonsa, wanda ya kusa milimita 74. Dalilin wannan girma zafin rana ne. Albarushin da Ingilishi ke amfani da shi a lokacin, kodayit, dogayen sili-sili ne, kuma in ya sha rana ƙarfinsa kan ƙaru. Harsashin da ya yi lafiya lau a sanyin Landan, in aka kai shi inda ƙarfe ke ƙona hannu da tsakar rana, sai matsin ya yi yawa, kwanso ya kumbura ya maƙale a cikin bindiga. Mutumin da giwa ta nufo ba shi da lokacin fama da maƙalallen kwanso. Rigby ya ba albarushin ɗaki mai faɗi don matsin ya sauka, kwanso ya fito salin-alin komai zafi.

Wadda Selby ya saya tana da wani abin mamaki. Harsashi mai wannan tsawo, wanda ya kai milimita 95, a kan doguwar sakatar Mauser ake gina masa bindiga. Ita kuwa wannan a kan gajeriyar sakata aka gina ta, irin ta bindigar sojan Jamus, wadda aka yi wa harsashin da bai kai wannan tsawo ba. Sai da maƙeran Rigby suka rarake ƙarfen, suka faɗaɗa gidan harsashi, kafin ya shiga. Masana bindiga da yawa in ka kwatanta musu wannan aiki za su girgiza kai, su ce an rage wa ƙarfe ƙwari inda ya fi bukatarsa. Ƙarancin matsin harsashin ne ya sa abin ya yiwu. Ga kuma wata matsalar: Selby bahago ne, sakatar kuwa ta masu hannun dama ce. Haka ya koyi sarrafa ta, har saurin hannunsa ya zama abin labari a tsakanin waɗanda suka yi daji da shi.

Bai daɗe ba ya gane abin da ya tsinta. Mai baki biyu gwana ce a kusa, amma in raunanniyar dabba ta ba da baya tana gudu a fili, nisa na ƙaruwa, harsashinta mai nauyi sai ya soma sunkuyawa ƙasa. Na .416 yana tafiya a miƙe, ana iya tsayar da dabbar da shi daga nesa kafin ta kai kurmi, a hutar da ita daga wahala, a hutar da masu bin sawu daga shiga duhuwa a bayanta. Kan harsashin Rigby mai rigar ƙarfe kuwa yana ratsa ƙashin kan giwa ba ya lanƙwashewa. Bayan harbi biyu kuma akwai sauran harsashi a ciki. Maganar sayen wata mai baki biyu ta bi ruwa.

A 1951 aka ba shi wani baƙo Ba'amurke, ɗan jarida Robert Ruark, wanda ya zo da matarsa suka yi farauta a Tanganyika. Ruark mutum ne mai kaifin alƙalami, jaridun Amurka masu yawa na buga sharhinsa. Ya koma gida ya rubuta littafin Horn of the Hunter, aka buga a 1953. A cikinsa ya zana Selby, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai mai kunya da sanyin rai, ya kuma zana tsohuwar bindigar nan da ta sha jiki, wadda in ta yi magana rikici ya ƙare. Littafin ya karɓu ƙwarai. Selby ya wayi gari ana layin shekaru kafin a samu fita daji da shi, dubban Amurkawan da ba su taɓa ganin ɓauna ba kuma suka haddace lambar .416.

Akwai waɗanda wannan suna bai kai gare su yadda ya kamata ba, kuma ina ganin zalunci ne a wuce su. Bindigar nan a kafaɗar wani Ba'afirke take wuni, shi ke share ta, shi ke miƙa ta a daidai lokacin da ake bukata, shi ke tsaye babu makami sa'ad da zaki ya taso. Masu bin sawu ne ke karanta ɗigon jini a kan ganye su ce dabbar ta kwanta ko tana jira. Ruark ya ambaci wasunsu, irin su Kidogo mai ɗaukar bindigar Selby, amma kuɗi da ɗaukaka sun tafi inda mulkin mallaka ya tsara su tafi. Duk wanda ya san aikin ya san babu Baturen da ya yi suna a dajin nan ba tare da idon waɗannan mutane ba.

Sunan harsashin ya yi nisa, amma bindigogin da ke cin sa 'yan kaɗan ne. Daga 1912 zuwa ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu guda 169 kacal Rigby ya ƙera. Daga 1939 zuwa 1984 ya ƙara 180. Kamfanin Kynoch na Birmingham ne ke yi musu harsashi, kuma ba don wannan 'yar kasuwa kaɗai zai ci gaba da kunna injinansa ba. Daular Ingila na watsewa, jami'an mulkin mallaka da manoman da ke sayen irin waɗannan harsasai suna tattara komatsansu, ga Winchester ya fito da .458 a 1956, bindiga mai araha da harsashi a kowane shago. Daga ƙarshe Kynoch ya janye hannu daga manyan harsasan farauta. Bindigogin da aka saya da tsada suka koma jingine a kusurwar ɗaki. Masu su na sayarwa da arha, mai saye kuma tambayarsa ta farko ita ce harsashi nawa za a haɗa masa da ita, domin a lokacin akwatin harsashi ya fi ƙawar ƙota daraja.

Masu ɗura harsashi da hannu ne suka hana .416 mutuwa. Wanda ya taɓa ganin maharbin ƙauye yana auna albarushi yana dannawa a bindigar toka ya san tushen abin, sai dai nan a teburi ake yi, da sikeli da ƙarafan matsi. In an harba harsashi, kai ya tafi, albarushi ya ƙone, amma kwanson tagulla yana nan, kuma shi ne mafi tsada. Sai a cire 'yar ƙwayar da ke gindinsa, wadda allurar bindiga ke sara ta tayar da wuta, a tura kwanson cikin wani ƙarfe da aka rarake daidai siffarsa don ya koma girmansa na asali, a sa sabuwar ƙwaya, a auna albarushi, a dasa sabon kai. Kwanso ɗaya kan yi zagaye da yawa kafin wuyansa ya tsage. Aiki ne na natsuwa. Kuskuren awo kaɗan na iya fasa bindiga a fuskar mai ita.

Tsofaffin kwansunan Kynoch sun ba su wahala. Ƙwayar wutarsu irin ta Berdan ce, mai ƙananan ramuka biyu a gefe, ba ta fita da turi ɗaya, sai an ƙwaƙule ta ko an tunkuɗo ta da ƙarfin ruwa. Amurkawa sun saba da irin ta Boxer mai rami ɗaya a tsakiya. Berdan ɗin nan Ba'amurke ne, Boxer kuma hafsan sojan Ingila, amma kowace ƙasa ta rungumi dabarar ɗan ɗayar.

Mafita ta zo ta wata hanya da ba a zata ba. A 1953 Roy Weatherby na Kalifoniya ya fitar da wani ƙaton harsashi, .378, wanda ya ɗauko girman kwansonsa daga na Rigby ya ƙara masa wani zobe a gindi. Jack O'Connor, wanda ya daɗe yana rubutun bindiga a mujallar Outdoor Life, yana cikin waɗanda suka nuna wa jama'a cewa ana iya komawa baya: a ɗora kwanson Weatherby a injin da ke juya ƙarfe, a shafe zoben nan, a matse shi a ƙarfen .416, sai ga kwanson Rigby ya fito. Ɗaya bayan ɗaya ake yi, da haƙuri. Da wannan wahala aka yi kusan shekara ashirin ana ciyar da bindigogin. Daga baya wani ƙaramin kamfani a Amurka, BELL, ya soma yin kwanson. A 1989 Federal ya fara sayar da harsashin a kwali, Ruger kuma ya fito da bindiga mai cin sa wadda mai matsakaicin hali zai iya saya. Cikin 'yan shekaru bindigogin .416 da ke duniya suka ninka abin da Rigby ya ƙera a shekara saba'in.

Shi kuwa Selby ya riga ya bar Kenya. A 1963, shekarar da ƙasar ta samu 'yanci, ya ƙaura da iyalinsa zuwa Maun, a bakin fadamar Okavango, cikin ƙasar da ake kira Bechuanaland a lokacin, Botswana ta yau. Ya hango abin da ke tafe, domin a 1977 Kenya ta haramta farautar manyan dabbobi gaba ɗaya. A 1970 ya gina masaukin Khwai River Lodge don baƙin da ke zuwa da kyamara. Bindigar tana tare da shi duk tsawon wannan lokaci. Baƙin fentinta ya koɗe, ƙotarta ta sha gumi da ƙaya, daga ƙarshe tsagar da ke cikin bututun, wadda ke sa harsashi ya riƙa juyawa ya tafi a miƙe, ta cinye. Kodayit na da zafin wuta, yana lasar ƙarfe a hankali daga inda harsashi ke tashi. Selby ya aika da ita Landan a sa mata sabon bututu. Aikin ya ɗauki shekaru, ya riƙe wata Winchester .458 kafin ta dawo.

A gidan nan nasa na Maun akwai wata Rigby da ita ma ta bi hannuwa. Ƙarama ce, .275, ta Walter Bell, mutumin Sikotland da ake wa laƙabi da Karamojo, wanda ya kashe giwaye 1,011 don haurensu a farkon ƙarni na ashirin, akasarinsu da irin wannan ƙaramin harsashi. Wannan adadi a yau abin baƙin ciki ne ga duk mai son ganin giwa a daji, ko da yake a zamaninsa jarumta ake ɗaukarsa. Bell ya rasu a 1954. Bayan shekara biyu Ruark ya ci karo da bindigar a Landan, ya saya, ya kawo wa ɗan Selby kyauta tun yaron yana ƙarami. A 1973 'yar Selby ta harbi giwa da ita a Botswana.

Da tsufa ya kama shi, Selby ya sayar da .416 ɗin ga ɗaya daga cikin baƙin da suka saba fita daji tare, Ba'amurke. Ba a kai ta gwanjo ba, ba a buga talla ba. Ciniki ne tsakanin mutum biyu da suka san juna, suka kuma san abin da ake sayarwa.

Irin wannan ciniki na hannu da hannu yana da ƙa'idojinsa a wurin masu abin. Mai saye kan cire sakata ya ɗaga bututu sama ya leƙa ta cikin haske, ya ga ko tsagar na da kaifi ko ta shafe. Yakan duba wuyan ƙota, bayan sakata, inda naushin harbi ke fara tsaga itace. Yakan cika gidan harsashi ya ja sakatar da sauri ya ga ko kowane harsashi na hawa ba tare da tuntuɓe ba, domin a bindigar dabba mai haɗari wannan ya fi kyan zane muhimmanci. Lambar da ke jikin ƙarfe kuma ana iya bin ta, tunda Rigby na riƙe da tsofaffin kundayensa masu nuna ranar da aka sayar da kowace bindiga da sunan wanda ya saya. Bindigar da aka ƙera wa mutum ɗaya daidai jikinsa yawanci takan faɗi a farashi in ta zo hannu na biyu, don kafaɗar mai saye daban ce, kuɗin da aka kashe wajen ƙawata ta kuma ba ya dawowa. Abin da ke juya wannan lissafi shi ne sunan wanda ya riƙe ta, da takardar da ke tabbatar da haka. A ma'aunin dillali, ta Selby tana da aibi biyu: gajeriyar sakata da aka rarake, da bututun da ba na asali ba. Babu ɗaya da ya rage mata daraja a idon wanda ya saya.

Kayan ɗuri kuwa hukuncinsu daban. Ƙarafan matsi da kwansuna da kawunan harsashi sukan bi bindiga zuwa sabon gida, kuma ga harsashin da ba a samu a kowane shago, su ne rabin cinikin. Littafin da mai ita ya rubuta awon da bindigar ta fi so shi ma abin nema ne. Amma masu hankali ba sa harba harsashin da wani ya ɗura, ko da amininsu ne. Sukan warware shi su zubar da albarushin, su yi amfani da kwanson. Gwangwanin albarushin da aka riga aka buɗe ma ba a yarda da shi, don ba ka da tabbacin abin da ke ciki shi ne abin da aka rubuta a jiki. A Amurka ba a aika albarushi da ƙwayar wuta ta gidan waya, kuma tun dokar 1968, bindigar da za ta tsallaka daga wata jiha zuwa hannun mutumin wata jihar sai ta bi ta wurin dillali mai lasisi. Wadda za ta shigo daga ƙasar waje kuwa sai da izinin hukumar tarayya.

Selby ya ajiye aikin daji a shekarar 2000, bayan fiye da shekara hamsin yana yi. Ya zauna a Maun yana rubuce-rubuce a mujallun farauta na Amurka, ya rasu a can ranar 20 ga Janairu, 2018, yana da shekara 92. Kamfanin Rigby, wanda ya yi wasu shekaru a hannun Amurkawa, ya koma Landan a 2013, kuma yana ci gaba da ƙera .416 a kan doguwar sakatar Mauser.